Uwargida, Kafin Ki Sayi Gidan Gwanjo

Yau za mu ajiye maganar girki da reno, mu taɓa maganar gida, watau gidan da aka ba da jingina aka kasa fansa, har mai bin bashi ya sa shi a kasuwa.

Kada ki ce wannan sha'anin maza ne. A Jega da Aliero da Maiyama akwai mata masu abin hannunsu, wata ta ci gado, wata ta kwashi adashi, wata kuwa kiwon tumaki ne ya yi mata albarka. Idan dillali ya samu labarin banki zai yi gwanjon gida da rahusa, irin waɗannan mata yakan fara aika wa, domin ya san kuɗinsu a ajiye suke, kuma ba su cika tambaya ba. To, tambayar ita muke so ki iya.

Bashi hanji ne, yana cikin kowa. Mutum yakan kai takardar gidansa banki ya karɓo kuɗi ya sayi albasa a Aliero ya ajiye, sai ta ruɓe ko farashi ya karye. Wani shinkafa ya zuba wa kuɗin, ruwa ya cinye, kamar yadda ambaliya ba ta bar manoman fadamun Kebbi ba a shekarar 2020. Saboda haka mai gidan da za ki saya ba lalle ne mashiririci ba ne, kuma doka ba ta yar da shi ba don ya kasa biya. Yana da hakkoki, in aka tsallake su kuwa, ke mai saye za ki iya kwana a ciki.

Abu na farko shi ne Dokar Amfani da Filaye ta 1978, wadda gwamnatin soja ta Janar Obasanjo ta kafa. Ta ɗora dukan filayen jiha a hannun gwamna a matsayin amana. Abin da mutum ke da shi iznin zama ne, shi ne ake ba shi satifiket a kai. Sashe na 22 ya ce mai irin wannan satifiket ba zai sayar ko ya jinginar ba sai da yardar gwamna. Filin karkara kuwa, wanda ke kan iznin gargajiya, yardar ƙaramar hukuma ake nema, in ba kotu ce ta sa a sayar ba, a nan sai gwamna. Cinikin da aka ƙulla ba da wannan yarda ba, dokar ta ce banza ne.

An gani a aikace. Wani mutum mai suna Ajilo ya jinginar da gidansa na Ikko ga bankin Savannah. Da bankin ya tashi sayarwa, sai ya kai ƙara cewa ba a samu yardar gwamna ba. A 1989 Kotun Ƙoli ta ce jinginar ba ta ƙullu ba, bankin ba shi da ikon sayarwa. Kotuna sun yi ta waiwayar wannan hukunci daga baya, amma ke abin da ya shafe ki a fili yake: wanda ba shi da ikon sayarwa, me zai miƙa miki? Don haka kafin ki fitar da ko kwabo, a sami lauya ya je ma'aikatar filaye a Birnin Kebbi ya duba fayil ɗin gidan. Sunan wa ke kai, an yi wa jinginar rajista, gwamna ya sa hannu, akwai wani bankin da shi ma ke bi? In kin ga sunan Jihar Sakkwato a kan tsohuwar takarda kada ki tsorata, sai a watan Agusta na 1991 aka cire Kebbi daga Sakkwato. Amma a tabbata akwai bayaninta a Birnin Kebbi.

Sa'an nan banki ba ya wayar gari haka kawai ya buga ƙararrawa. Tsohuwar dokar Ingila ta 1881, wadda jihohin Arewa suka gada, ta ce sai lokacin biya ya wuce, an rubuta wa mai gida takardar neman kuɗi ya yi wata uku bai biya ba, ko kuɗin ruwa sun yi wata biyu ba a biya ba, ko ya saɓa wani sharaɗi. Sau da yawa bankuna sukan rage wannan wa'adi a cikin yarjejeniyar da mutum ya sa wa hannu bai karanta ba, shi ya sa lauyanki zai nemi ganin ita yarjejeniyar kanta. Kuma har zuwa ranar da aka ƙulla ciniki, mai gida yana da ikon kawo kuɗi ya fanshi abinsa. In an sayar, a cire ɗawainiya, a cire bashi, saura nasa ne. A ce ana binsa miliyan 4, gida ya yi miliyan 7, abin da ya rage bayan ɗawainiya ba na banki ba ne. Ke da gidan mijinki ke jingine, ki riƙe wannan.

Gwanjon kotu dabam ne. Idan an yi wa mutum hukuncin biyan bashi, kayansa na ɗauka ake fara kamawa, sai in ba su isa ba a taɓa gida, da iznin babbar kotu. Bayan an sayar, akwai kwana 21 da za a iya neman a soke cinikin in an yi wani babban kuskure da ya cuci mai gida. Sai sun wuce ciniki ya tabbata, kotu ta ba ki takardar shaida. Wadda ta yi gaggawar rushe katanga da sayen siminti a cikin kwanakin nan, ita ta jiyo. Haka kuma za ki ji sunan AMCON, hukumar da aka kafa a 2010 don karɓar basussukan da suka gagari bankuna, da NDIC mai sayar da kadarorin bankin da ya rushe. Su ma a bi takardunsu daki-daki, kuma a biya kuɗi a asusun hukumar, ba a hannun wani mai cewa yana da hanya ba.

Amma gaskiya yawancin jinginar da ake yi a garuruwanmu ba ta zuwa banki. Tsakanin mutum da attajiri ake yinta, gaban shaidu biyu ko mai unguwa, a 'yar takarda. Nan ne aka fi cutar mata. A shari'ar Musulunci jingina ba ta zama ta mai bin bashi don wa'adi ya cika, ko da an rubuta haka. Alƙali ne zai sa a sayar, a biya shi, a mayar da saura. To, in wani ya ce miki gidan wane ya faɗo hannunsa, zo ki saya, tambaye shi takardar kotu. In ba shi da ita, cinikin biri a sama ne.

Ki kuma bincika ko gidan gado ne da ba a raba ba. Sau nawa babban wa yakan ɗauki takardar gidan uba ya jinginar, alhali kuwa akwai tumunin takaba na matan mamaci a ciki, akwai rabon ƙannensa mata da ke gidajen aure ba su ma ji ba? Rabonsa kaɗai yake da iko da shi. Ko shi ɗin aka sayar miki, sauran magada suna da hakkin shuf'a, watau su mayar miki da kuɗinki su karɓi rabon. Wannan ba a ganinsa a fayil. Mai unguwa da hakimi da tsofaffin matan unguwa su suka sani, kuma tsohuwa ɗaya za ta gaya miki abin da dillali goma za su ɓoye.

A je a ga gidan da ido. Wa ke ciki? Fitar da iyali daga gida aikin kotu ne, ba na ƙarti ba, yana kuwa cin lokaci da kuɗi. Jega kuma ba Ikko ba ce. Matar da za a fitar, gobe za ku haɗu a gidan suna. Ni a ganina, in da hali, gara a nemi mai gidan tun kafin gwanjo a yi ciniki da shi da sanin banki, a biya bankin kai tsaye, a ba shi saura da wa'adin tashi. Kuɗin sukan ɗan fi, amma araha ba ta ado.

In kuɗinki ne, sunanki za a rubuta, da sunan mahaifinki, a kan rasit da yarjejeniya da takardar neman yardar gwamna. Wannan ba raini ba ne ga maigida, domin dukiyar mace tata ce. In an sa sunansa don kunya, ranar da ta Allah ta kasance gidan zai shiga gado, a biya bashinsa da shi kafin a raba. Ku kuma 'yan makaranta, in za a sa iyayenku mata dangwala yatsa a takarda, ku karɓa ku karanta musu ita da ƙarfi tun daga sama har ƙasa, da adadin kuɗin da sunan mai gidan.