Bayan takardar sallama: Ta ina ma'aikacin Kafanchan zai fara neman aiki?

A watan Afrilun 2021, ma'aikata kimanin 4,000 na ƙananan hukumomi 23 na Jihar Kaduna suka karɓi takardun sallama. Gwamnatin Malam Nasiru El-Rufa'i ta ce albashi na lashe mafi yawan kason da jihar ke samu daga asusun tarayya. Ƙungiyar Ƙwadago ta NLC ta shiga yajin aikin gargaɗi ranar 17 ga Mayu, aka ɗauke wuta, jiragen ƙasa suka tsaya, sannan aka janye yajin a rana ta uku. Kafin nan an sallami malaman firamare 21,780 da aka ce sun faɗi jarrabawar gwaji ta 2017, kuma a watan Yunin 2022 wasu 2,357 suka bi sahu.

A garin Kafanchan, hedikwatar Ƙaramar Hukumar Jama'a, irin wannan takarda tana da nauyi na daban. Jirgin ƙasa ne ya raya garin tun ƙarshen shekarun 1920, lokacin da ya zama mahaɗar layukan dogo na Fatakwal da Kaduna da Jos. Da harkar jirgin ta durƙushe, sai albashi ya koma hannun gwamnati kusan kacokan: sakatariya, makarantu, asibiti, Kwalejin Ilimi ta Gidan Waya da reshen Jami'ar Jihar Kaduna. Noman citta, wanda ya kasance madogarar masu komawa gona a Kachia da Jaba da Kagarko, shi ma annoba ta afka masa a daminar 2023.

Matsalar wanda aka sallama a irin wannan gari ita ce, duk mutanen da zai kai wa kuka ƙofofin da ya sani su ma suka sani. Ƙaninsa da maƙwabcinsa da abokin hirarsa a coci ko masallaci, labari ɗaya suke ji.

Masana sun daɗe da lura da haka. A shekarar 1973, masanin zamantakewa ɗan Amurka, Mark Granovetter, ya nuna cewa labarin sabon aiki ya fi zuwa daga wanda aka yi wa sanin shanu fiye da amini, domin shi ne ke yawo a inda mutum ba ya zuwa. A 2022 mujallar Science ta buga wani bincike na shekara biyar a kan mutum miliyan 20 masu amfani da LinkedIn, wanda ya ƙarfafa wannan magana. Sai dai ya gano cewa ta fi tasiri a sana'o'in da suka dogara da kwamfuta.

LinkedIn dandali ne na ma'aikata da masu ɗaukar aiki. An buɗe shi a 2003, kamfanin Microsoft ya saye shi a 2016, kuma masu rajista sun haura biliyan ɗaya a 2023. Amfaninsa ga ma'aikacin Jama'a ko Zangon Kataf shi ne ya sada shi da waɗancan na nesa: abokin karatu a Zariya da ke aiki a Abuja, ko jami'ar ƙungiyar agaji da suka taɓa haɗuwa a taron bita.

Amma buɗe shafi kawai ba ya kawo aiki. Mai ɗaukar ma'aikata a kamfani bai damu da matakin albashi na 08 ko 10 ba. Abin da mutum ya iya yake lalube. Wanda ya shekara goma a sashen kuɗi sai ya rubuta cewa yana shirya takardar albashi, yana daidaita lissafi, ya iya Excel. Malamar da ta riƙe makaranta ta faɗi yawan ɗalibai da malaman da ta jagoranta. Saƙo zuwa ga tsohon sani ya zama gajere, a tuna masa inda aka haɗu, a nemi shawara kafin a nemi alfarma. Zagin tsohon wurin aiki kuwa, wanda zai ɗauki mutum gobe shi ma yana karantawa.

Dandalin yana da iyaka. Makarantu masu zaman kansu da dillalan citta ba safai suke tallar gurbi a can ba. Zaurukan WhatsApp na tsofaffin ɗalibai sun fi kai labari. Akwai tsadar data da rashin wuta, ko da yake cibiyoyi irin su Gidauniyar Fantsuam da ke Bayan Loco sun daɗe suna koyar da kwamfuta a garin. Sannan akwai 'yan damfara. Tun da Gwamnatin Tarayya ta amince da kafa Jami'ar Tarayya a Kachia da Cibiyar Lafiya ta Tarayya a Kafanchan a 2025, idon masu neman aiki ya koma can. Duk wanda ya nemi kuɗi kafin ya ba da gurbi, a guje shi, a nemi sanarwar hukuma.

Wannan labari bai tsaya a Kudancin Kaduna ba. A watan Disambar 2024, ma'aikata kimanin 1,000 suka bar Babban Bankin Najeriya a wani shirin ajiye aiki da wuri. Majalisar Zartarwa ta amince da aiwatar da rahoton Oronsaye na haɗe hukumomi a Fabrairun 2024. Hadiman ministoci da na 'yan majalisa kuwa, aikinsu na ƙarewa ne ranar da kujerar maigida ta ƙare. Idan gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, shafa wa naka ruwa.

Ma'aikacin da ke kan kujera a yau yana iya shirya shafinsa, ba tare da fallasa takardun ofis ko shiga siyasa ba, kamar yadda dokokin aikin gwamnati suka tanada. Yana iya gaida tsofaffin abokan aiki tun ba ya neman komai a wurinsu. Saƙon wanda aka saba jin muryarsa ya fi saurin samun amsa fiye da na wanda ya ɓace shekara takwas, sai ga shi da CV a hannu. Ba a fafe gora ranar tafiya.