Tsara Dogayen Kanu a Shafin Ƙumshiya

Ƙumshiya, wadda wasu ke kira abubuwan da ke ciki, ita ce shafin da ke jero kanun babi-babi da ƙananan kanunsu tare da lambar shafin da kowannensu yake. Amfaninta shi ne mai karatu ya ɗora ido a kan take, ya bi layi zuwa dama, ya ga lamba. Muddin take gajere ne, kamar "Gabatarwa" ko "Ma'anar Karin Magana", babu wata wahala. Matsala tana tasowa ne idan take ya yi tsawon da layi ɗaya ba zai ɗauke shi ba, kuma kundayen binciken ɗalibai sun yi fice wajen irin wannan tsawo. Ga misali:

3.4.2 Tsarin gaɓar kalma a karin harshen Sakkwatanci da yadda ya bambanta da na daidaitacciyar Hausa

Idan aka bar wa kwamfuta wannan take, sai layin farko ya miƙe har ya shiga wurin da lambobin shafuka ke jere, sauran kalmomin kuma su dawo su fara daga ƙarƙashin 3.4.2. An yi ɓarna biyu ke nan: jerin lambobin dama ya karye, sannan layi na biyu ya yi kama da sabon take.

Abin da ɗalibai da masu buga takardu a shagunan kwamfuta suka saba yi shi ne su yanke layin da hannu, su yi ta danna maɓallin tazara har kalma ta zo inda suke so, sannan su cike sauran wurin da aya ɗaya bayan ɗaya. A fuskar kwamfuta abin yakan yi kyau, amma ba ya ɗorewa. Haruffa ba faɗinsu ɗaya ba, don haka lambobin ba za su daidaita sosai ba. Ban da haka, a Microsoft Word da Adobe InDesign manhaja ce ke tattaro kanu daga cikin littafi ta gina ƙumshiya, kuma duk lokacin da aka umarce ta ta sabunta shafin gaba ɗaya, gyaran hannu yakan shafe. Mai duba aiki kuwa ba ya rasa abin da zai ce a sauya, ko da kwana ɗaya ya rage a kai kundi wurin mai ɗauri.

Maganin abin yana cikin salon sakin layi, wato tarin ƙa'idojin da manhaja ke ɗora wa kowane mataki na kanu. A Word, salon manyan kanu shi ne TOC 1, na ƙanana TOC 2, haka har ƙasa. Idan aka gyara salo sau ɗaya, duk kanun da ke kan wannan mataki za su bi. Ma'auni uku ake buƙata, kuma yana da kyau ɗalibi ya riƙe su da lissafi. Takardar A4 faɗinta santimita 21 ne. Idan aka bar santimita 2.54 a kowane gefe, layin rubutu zai zama santimita 15.92.

Na farko shi ne zangon da lambar shafi za ta tsaya. A kafa shi a santimita 15.9, a zaɓi wanda ke jingina rubutu da dama, a kuma umarci manhaja ta cike tsakani da ɗige-ɗige da kanta. Ta haka 7 da 48 da 112 duk za su ƙare a wuri ɗaya. Na biyu, wanda shi ne zuciyar al'amarin kuma shi aka fi mantawa, shi ne a janye iyakar dama ta sakin layin zuwa ciki da kamar santimita 1.5. Yin haka zai tilasta wa kalmomin take su karya tun kafin su isa wurin lambobi, alhali lambar ita kaɗai za ta ƙetare iyakar ta isa zangonta. A InDesign tsarin ya ɗan bambanta: bayan an janye iyakar dama da santimita 1.5, sai a ba layin ƙarshe ma'aunin −1.5, wato a mayar masa da abin da aka rage, don lambar ta samu fita. Na uku shi ne rataye layi: lambar take ta tsaya a bakin hagu, layi na biyu kuma ya fara daidai ƙarƙashin harafin farko na take, ba ƙarƙashin lamba ba. Santimita 1.25 yakan wadatar, sai dai idan lambobin sun kai hawa huɗu.

Da wannan an gama da aikin na'ura. Saura na mai harshe, domin manhaja tana auna tsawo ne kawai, ba ta san inda yankin jimla ya ƙare ba. A misalinmu tana iya karya layi bayan "da na", ta bar mahaɗi a rataye, "daidaitacciyar Hausa" kuma ta faɗa ƙasa. A ganina wannan ya fi karkacewar lamba muni, domin yana sa mai karatu tuntuɓe. Ƙananan kalmomi irin su a, da, ga, na da ta suna jingina ne da abin da ke biye da su, saboda haka tare ya kamata su sauka. Haka nan bai dace a raba suna mai ɗauke da ɗafa-ƙeyar mallaka da abin da ya danganta da shi ba, kamar a bar "karin" a sama a kai "harshen" ƙasa. Hanyar hana wannan ita ce a sa tazara mai ɗaurewa tsakanin kalmomin biyu a ainihin taken da ke cikin babi, ba a shafin ƙumshiya ba. A Word ana samun ta ta danna Ctrl da Shift da maɓallin tazara tare. Harɗaɗɗun kalmomi masu karan ɗori, irin su "faɗi-ka-mutu" da "bar-ni-da-mugu", su ma manhaja takan karya su a kan karan. Akwai karan ɗori mai ɗaurewa da ake samu ta Ctrl da Shift da maɓallin karan.

Sannan a kashe tsarin raba kalma na kai-tsaye a shafin ƙumshiya baki ɗaya. Sau da yawa ƙa'idar Ingilishi yake bi, alhali gaɓar Hausa iri uku ce: baƙi da wasali, baƙi da dogon wasali ko tagwan wasali, sai baƙi da wasali da baƙi. Tsarin da bai san haka ba yana iya tsaga "ts" ko "ƙw" gida biyu, alhali kowannensu sauti ɗaya ne.

Wani abin lura shi ne haruffa masu lanƙwasa. Tsofaffin zubin haruffan Hausa da aka yi amfani da su kafin Unicode ya yaɗu sun ɓoye ɓ da ɗ da ƙ ne a ƙarƙashin wasu alamomi. Idan aka buga take da irinsu, salon ƙumshiya kuma yana kan wani zubi dabam, sai "ƙasa" ta fito "}asa". Wanda ya gaji tsohon fayil ya fi masa ya mayar da haruffan zuwa Unicode, ya kuma zaɓi zubin da ke ɗauke da su a babba da ƙarami.

Idan take ya kai layi uku a ƙumshiya, to ba laifin manhaja ba ne, marubuci ne ya cusa bayanin babi a cikin takensa. Misalin da muka kawo zai iya komawa "Gaɓar kalma a Sakkwatanci da daidaitacciyar Hausa" ba tare da an yi asarar komai ba. Inda dogon taken ya zama dole, kamar taken maƙalar wani a littafin da ya tattara maƙalu, ba a taɓa shi, sai a bar shi ya sauka layi biyu ko uku, a ƙara 'yar tazara tsakaninsa da taken da ke biye don ido ya gane inda ɗaya ya ƙare.