Kasuwar Hawaye: Abin da Ya Sa Labaran Kisa da Cin Zarafi Ke Cin Kasuwa a Turai da Amurka

Duk wanda ya zauna a Birtaniya, ko da na shekara ɗaya ne, zai lura da wasu littattafai da ake jerawa a manyan kantuna da tashoshin jirgin ƙasa. Bangonsu fari ne, da hoton wani yaro ko yarinya an yi tagumi, sunan littafin kuma kamar da hannun yaro aka rubuta shi. Labarai ne na mutanen da suka taso cikin duka da yunwa da fyaɗe, su da kansu suke ba da labarin. Kasuwarsu ta kai ga akwai lokacin da kantin Waterstones da na WHSmith suka keɓe musu kanta ta musamman. A kusa da su kuma za ka tarar da 'yan uwansu, wato labaran kisan kai na gaske.

Ina daga cikin masu karanta su, kuma na san ɗalibanmu da yawa da ke sauraron irin waɗannan labarai a waya suna wanke-wanke ko suna hanyar zuwa aiki. Tambayar da nake yi wa kaina ita ce: me muke nema a ciki?

Mafi yawan masu nazari suna danganta bunƙasar littattafan cin zarafi da Dave Pelzer, wanda ya fitar da A Child Called "It" a 1995. A ciki ya ba da labarin azabar da ya ce mahaifiyarsa ta gana masa a Kalifoniya, har hukuma ta raba su yana ɗan shekara 12. Littafin ya shafe shekaru a jerin waɗanda suka fi ciniki. Bayansa da shekara ɗaya Frank McCourt ya fitar da Angela's Ashes, kan talaucin da ya tashi a ciki a birnin Limerick na Ireland, ya kuma ci lambar Pulitzer a 1997. Daga nan kamfanonin ɗab'i suka gane cewa hawaye ma haja ne. Shi kuwa labarin kisa ya riga su tsufa: tun 1966 Truman Capote ya rubuta In Cold Blood, kan wani iyali na mutum huɗu da aka kashe a wani ƙauye a jihar Kansas a 1959.

Wani abin da ke ba mutane mamaki shi ne mata sun fi maza karanta labaran kisa. Wasu masu bincike biyu a Jami'ar Illinois, Amanda Vicary da Chris Fraley, sun duba wannan a 2010, suka gano cewa mata sun fi karkata ga littafin da ke bayyana yadda mai kisan yake tunani da yadda wadda aka kama ta kuɓuta. Wato karatun ya zama kamar neman maganin tsari. Wannan bayani ya gamsar da ni. Yarinyar da ke dawowa ɗakinta ita kaɗai da daddare a Manchester ko Houston, ba uwa ba yayye a kusa, ba don nishaɗi kawai take son sanin yadda mugu ke yaudarar mutane ba.

Mu kuma muna da wani dalili namu. Mun taso inda rufin asiri ke gaba da kusan komai. Yaro ya faɗi abin da kawunsa ya yi masa, sai a ce ya yi shiru kada ya raba zumunci. Idan irin wannan yaro ya girma ya tarar da littafin da wani ya fayyace abin da aka yi masa, ya sa sunansa a bango ba kunya, ba ƙaramin sauƙi yake ji ba. A nan ban yarda da masu cewa duk abin son gulma ne ba.

Sai dai inda kuɗi ya shiga, ƙarya ba ta nisa. James Frey ya fitar da A Million Little Pieces a 2003, Oprah Winfrey ta tallata shi, sannan a 2006 aka tona cewa ya ƙirƙiri sassa da dama, har da zaman gidan yarin da ya ce ya yi na watanni. Ta Misha Defonseca ta fi muni: ta ce ita Bayahudiya ce da ta ratsa Turai da ƙafa lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, kyarkeci suka rene ta a daji. A 2008 ta amsa cewa ba haka aka yi ba. Ko Pelzer ma, ɗan uwansa ɗaya ya musanta labarinsa, wani kuma ya rubuta nasa littafin yana gaskata shi. Mai karatu ba shi da hanyar yanke hukunci, ya dai biya kuɗinsa.

Abin da ya fi damuna shi ne iyalan mamatan. Shirin sauti na Serial, wanda Sarah Koenig ta fara a 2014, ya bi diddigin shari'ar Adnan Syed, matashin Musulmi ɗan asalin Pakistan da aka ɗaure kan kisan Hae Min Lee a Baltimore a 1999. Miliyoyin mutane suka saurara, aka rabu gida biyu kamar masu kallon ƙwallo. A 2022 kotu ta soke hukuncin aka sake shi bayan shekara 23. Ɗan uwan marigayiyar ya ɗaukaka ƙara, yana cewa ba a ba shi isasshen lokacin halartar zaman ba, aka maido da hukuncin a 2023. A 2025 wata alƙaliya ta ce zaman da ya yi ya wadatar. Yana waje yanzu, amma a takardar kotu har yau shi ne wanda ya kashe ta, danginta kuma sun shafe sama da shekara goma suna jin baƙi na muhawara a kan gawar 'yarsu.