Takunkumi Da Gwaji: Amsar Da Na Ba Wani Yaro

Sa'ad da aka tura ni koyon aikin koyarwa a wata makarantar firamare a Tirwun, lokacin hunturu ne, rabin ajina suna tari. Ran nan muna darasin kiwon lafiya, sai wani yaro ya ce, "Malam, in ƙwayar cuta ta fi ƙofar allura ƙanƙanta, yaya ƙyalle zai tare ta?" Na yi shiru, don ban shirya ba. Ga amsar da na kai masa kashegari, ko za ta amfani 'yan'uwana ɗalibai.

Ƙwayar mura ba ta tafiya ita kaɗai. Cikin ɗigon yawu da majina take fitowa, in mutum ya yi tari, ko atishawa, ko magana ma. Na sa yaron ya hura madubi, ya ga damshi ya kwanta. To, wannan damshin shi ne jakin da cuta ke hawa. Manyan ɗigo kan faɗi nan kusa, ƙanana kuwa su daɗe suna yawo a ɗaki. Takunkumi yakan kama da yawa daga cikinsu tun a bakin mai ciwo, ya kuma rage wanda mai lafiya zai shaƙa. Irin na ma'aikatan asibiti, watau N95, ya fi na ƙyalle nesa, amma kowanne sai ya rufe hanci da baki sosai.

Gwaji kuwa amfaninsa shi ne, mutum yakan yaɗa cuta tun bai ji ciwo ba. Korona ta shigo Nijeriya ta Legas a Fabrairu 2020. Cikin Maris aka gwada Gwamnan Bauchi, Bala Mohammed, aka same shi da ita. Ya keɓe kansa, aka bi waɗanda ya yi cuɗanya da su. Kakanninmu da marisuwa ta auka wa a 1918 ba su sami wannan dabara ba.

Annobar korona ta lafa, amma mura tana nan kowace shekara. Saboda haka in mun kama aiki, mu buɗe tagogin aji ko ana sanyi, mai tari ya rufe bakinsa, mai zazzaɓi a sallame shi ya ga likita. Amanar 'ya'yan mutane ke hannunmu. Allah ya ba mu ikon riƙe ta, amin.