Kalmar Ingilishi da Sauya Riga

Duk wanda ya taɓa durƙusawa a zaure gaban malami ya ɗauki Ajurrumiyya, littafin nan na Ibn Ajurrum wanda ya rasu a Fas a shekarar 1323, ya san malaman nahawun Larabci sun kasa magana kashi uku ne: ismi da fi'ili da harafi. Su kuwa malaman Ingilishi, da yake daga Latin suka gaji ƙa'idojin nahawunsu, ita kuma daga Yunananci, sai suka kasa tasu takwas, wato suna, wakilin suna, aikatau, sifa, bayanau, harafi, mahaɗi da motsin rai.

Haddace takwas ɗin nan aikin yini guda ne. Inda gizo ke saƙar shi ne wajen tasrifi. Balarabe ya ji katibu ko maktubu, sigar kaɗai ta isar masa, kamar yadda Bahaushe ba ya kasa bambanta rubutu da marubuci da rubutacce. Ingilishi ma yana da irin wannan, domin sifar "kind" idan aka ɗafa mata "-ness" a ƙeya ta zama suna, in "-ly" aka ɗafa ta zama bayanau, ko da yake ƙa'idar ba ta rasa togaciya, tun da "friendly" sifa ce. Amma sau da yawa kalma takan bar wani kashi ta shiga wani ba tare da an taɓa ko harafi guda nata ba: "water" ruwa ne, kuma ita ce ban ruwa, "record" kuwa, in aka ƙarfafa gaɓar farko suna ce, in ta biyu aikatau, "round" ma har kashi biyar take shiga.

Dalili kuwa a tarihi yake. Tsohon Ingilishi yana da alamomin i'irabi a ƙarshen kalmominsa, sai suka yi ta zubewa, musamman a ƙarnonin da suka biyo bayan mamayar Normandawa ta 1066, har ya zamana mazaunin kalma cikin jimla shi ke bayyana hukuncinta.

Saboda haka ina roƙon malamanmu, don Allah, su rage sa yara haddar jerin kalmomi tsirara. Idan ɗalibi ya tambayi kashin wata kalma, a ce ya kawo jimlar da ya tsince ta tukuna.