Canjin Gaskit A Gida: Abin Da Ya Kamata Mai Mota Ya Sani Kafin Ya Kwance Kan Inji

Duk wanda ya saba bin hanyar da ta tashi daga birnin Sakkwato, ta ratsa ƙasar Wurno, ta nufi Goronyo, a cikin watan Afrilu ko Mayu, lalle ba zai rasa ganin mota tsaye a bakin hanya ba, tururi na tashi daga gabanta, direba ya shiga ƙauye da galan neman ruwa. A wannan lokaci zafin ƙasar Sakkwato ya kan haura digiri 40 a inuwa. Ga motocin kuwa an labta musu buhunan albasa da tafarnuwa da shinkafa daga fadamun gulbin Rima, inda madatsar Goronyo, wadda aka gama ginawa a 1984, ta ƙara wa noman rani ƙarfi. In ka tambaya, sau da yawa amsar ɗaya ce: gaskit ya ƙone.

A da, lalacewar mota a daji hasarar yini ce kurum. Amma tun 2018, sa'ad da 'yan bindiga suka auka wa ƙauyen Tabanni a ƙasar Rabah, da 2021 da suka buɗe wuta a kasuwar Goronyo, ba mai son magariba ta riske shi a hanya. Saboda haka malamin makaranta ko akawun da ya tara albashi ya sayi mota ta hannu, ya wajaba ya san wannan ciwo da maganinsa.

Inji dai kashi biyu ne manya. Akwai gangar jiki, inda fistin ke hawa da sauka, akwai kuma kan inji, wanda makanikai ke kira tof, inda bawul da fulogi su ke. Gaskit wani siririn falle ne da a ke shimfiɗawa tsakaninsu, a ɗaure da kusoshi. Aikinsa ya raba abubuwa uku waɗanda ba su ga maciji da juna, watau wutar da ke ci cikin silinda, da ruwan sanyaya inji, da baƙin mai. In ya fashe sai su gauraya. Alamun ba su ɓuya: farin hayaƙi daga salansa ko bayan inji ya yi zafi, ruwa na raguwa ba a ga inda ya ke yoyo ba, kumfa na tasowa a bakin lagireto, ko kuwa baƙin mai ya koma kamar shayi da madara.

To, abin da mutane suka fi mantawa shi ne, gaskit ba ya cika ƙonewa haka kawai. Zafi ne ke kashe shi. Yawancin motocin yanzu kan injinsu na alminiyam ne, shi kuwa alminiyam in ya ji wuta ya kan buɗe kusan ninki biyu na baƙin ƙarfe. Inda aka ɗora shi bisa gangar baƙin ƙarfe, in inji ya tafasa, sai ya lanƙwashe, ya daina danne gaskit daidai. Mafarin tafasar kuwa sananne ne. A ɗebo ruwan fadama mai laka a ɗura a lagireto har hanyoyinsa su toshe. A bar fambel ya saki. A batar da murfin lagireto a cusa tsumma, alhali kuwa murfin nan shi ke riƙe ruwa da matsi, ya hana shi tafasa a digiri 100 sai ya kai wajen 120. Wanda ya sa sabon gaskit bai binciki waɗannan ba, ya yi gudun gara ne ya faɗa gidan zago, don ba da daɗewa ba zai sake kwancewa.

Aikin kansa mai haƙuri na iya yinsa a zauren gida, in ya sami littafin motarsa da sifana mai ma'auni, wadda ke nuna ƙarfin da aka ɗaure kusa da shi. Wannan sifana ba ta da madadi, ko aronta za a yi daga gareji a Sakkwato. A bari inji ya huce sarai, a cire batir, a tsiyaye ruwa da mai. Kowace waya da tiyo a ɗaura mata takarda da suna, aikin da akawu ya fi kowa iyawa. A sa alama a kan bel ɗin tayimin kafin a taɓa shi, domin a injuna da yawa in ya kauce fistin zai doki bawul. Sa'an nan a sassauta kusoshin tof kaɗan-kaɗan, daga gefe zuwa tsakiya. A rufe inji da ƙyalle mai tsabta duk sa'ad da aka ɗaga hannu, gama ƙurar ƙasar nan ba ta neman izini.

Masu tsohuwar Peugeot 504, irin wadda aka yi ta haɗawa a masana'antar Kaduna da aka buɗe a 1975, su yi hattara da abu ɗaya. Bututun da fistin ke gudu a cikinsu ba a haɗe su ke da gangar inji ba, zura su aka yi, ruwa na kewaye su, tof ne kaɗai ke danne su. In aka ɗaga tof aka juya inji ba a matse su ba, sai su motsa, hatimin gindinsu ya lalace, ruwa ya riƙa zuba cikin mai ko da gaskit sabo ne fil.

Bayan an kankare tsohon gaskit, a ɗora miƙaƙƙen ƙarfe bisa fuskar tof a auna. Littattafan motoci da yawa ba su yarda karkata ta wuce kashi ɗaya cikin goma na milimita ba, kaurin takardar rubutu ke nan. In ta wuce, sai a kai wa masu injin aski. Wajen mayarwa kuwa a fara ɗauri daga tsakiya zuwa gefe, zagaye biyu ko uku, bisa ma'aunin littafi. Kusoshin waɗansu motocin zamani miƙewa su ke yi wajen ɗauri, ba a mayar da su, sai sababbi.

Sauran maganar ƙara wa inji ƙarfi. Samari sun ga motocin tsere na Jamus da Amurka a intanet, sai su ce tun da an buɗe inji, a aske tof da yawa, a sa babbar kafireto, a fasa salansa. Gaskiya ne aski na ƙara matsi cikin silinda, matsi kuma na ƙara ƙarfi kaɗan. Amma mota mai matsi da yawa tana bukatar fetur mai daraja da iska mai sanyi, mu kuwa sau da yawa fetur ɗin bumburutu mu ke sha, ga zafin bazara. Sai inji ya kama ƙwanƙwasa, wuta na tashi ba bisa ƙa'ida ba, ita ce kuma ke cin gaskit da kan fistin. Babbar kafireto kuwa, tun da aka janye tallafin fetur a watan Mayu na 2023, albashin malami ne za ta sha. Har wa yau gaskit na fallayen ƙarfe, wanda a ke yabo, ya fi tsohon iri ƙarko, amma sai fuskar tof da ta ganga sun yi sumul ƙwarai, in ba haka ba ya fi kowane yoyo.

A ganina, ƙarin da ya dace da hanyar Wurno da Goronyo na sanyi ne. A wanke lagireto ko a sayi mai layi da yawa, a sa sabon murfi da sabon fambel, a zuba ruwa mai tsabta haɗe da maganin tsatsa. Ƙaramar na'urar nan mai tsare ruwa har inji ya ɗumama, wadda makanikanmu suka saba cirewa su yar, a sayi mai kyau a mayar, don inji mai gudu da sanyi ya fi shan mai, ya fi saurin cinyewa.

In an gama, a canza baƙin mai da matatarsa, a tayar da inji a tsaye a ga ko ruwa zai ragu. Tsofaffin injuna irin na 504 su kan so a sake ɗaure tof bayan kamar kilomita 1,000, inji na sanye. Tafiyar farko kuwa a yi ta da hantsi, ba kaya, kamar daga Wurno zuwa Achida a komo, ido na kan allurar zafi.