Madubin Saiti a Kan Bindigar Toka: Ido Ya Kai, Dalma Fa?

Tun bayan yaƙin Burmi na 1903, da Muhammadu Bello Mai Wurno, ɗan Sarkin Musulmi Attahiru, ya ja jama'arsa gabas har suka yada zango a gaɓar Shuɗin Nilu a Sudan, ƙauyukan Hausawa suka yi ta yaɗuwa daga Sannar zuwa Rusairis. Noma da kamun kifi ne abin yinsu. Duk inda dawa ta nuna kuwa, gyado da birai ba sa nisa, shi ya sa manomi mai bindigar toka kan yi sha'awar ɗora mata madubin saiti.

Kafin ya kwance bakin aljihu, sai ya fara leƙa cikin bututun. Harba-ruga irin ta maƙeranmu cikinta sumul yake, dalma na fita ba tare da juyi ba, da ta wuce kamar mita hamsin sai ta bi son ranta. Madubi zai jawo maka dabba kusa, amma ba zai miƙar da harsashi ba. Bindigar da ta cancanci madubi ita ce mai zanen murɗe a ciki, wanda ke sa harsashi juyawa kamar mazari.

Dabarar ba ta yau ba ce. A yaƙin basasar Amurka na 1861 zuwa 1865, gwanayen harbi na Kudu sun riƙe bindigar Whitworth ta Ingila, wadda ake ɗura wa albarushi ta baki, da madubin Davidson a gefenta. An san su da kumburin ido, domin in bindiga ta yi tutsu, bakin madubin ne ke dukan fuska. Darasin farko ke nan: a nemi wanda ake gani sarai ido na nesa da shi kamar santimita tara zuwa goma.

Sai ƙarfin jawowa. Dajin Rusairis na ƙaya ne da aduwa, da damina ciyawa na shanye mutum. A irin wannan sarƙaƙiya, mai jawowa ninki biyu zuwa bakwai ya wadatar. Mai ninki goma sha biyu ƙuntata gani yake yi, dabba na gusawa ta ɓace maka, ga hayaƙin albarushi ya tokare gaba.

Jiki ma abin dubawa ne. Madubin da aka cika da iskar naitirojin aka liƙe ba ya yin hazo da raɓar asuba a bakin madatsar ruwa, ƙurar rani ba ta shigarsa. Dattin albarushi na jawo laima ya ci ƙarfe, don haka a goge maɗaurin bayan kowane harbi. Maɗauri mai girgiɗi kuwa ya ɓata madubi komai tsadarsa. A daidaita saiti da ma'aunin albarushi guda da nauyin dalma guda; in ɗaya ya canja, sai a sake.

Akwai kuma abin da ya fi gilashi nauyi. Gandun dajin Dindir, da aka keɓe tun 1935, haramun ne farauta a cikinsa, riƙe bindiga ma sai da lasisi. Tun da yaƙi ya ɓarke a Sudan a Afrilun 2023, mai tsaron shinge da ya hango madubi a kan bindiga ba zai tsaya tambayar ko ta korar gyado ce ba.